Ranar da Sule Ya Ce wa Surukinsa A'a

'Ya'yana, na san abin da ake faɗa a gari game da Baffanku Habu, kuma na san wasu cikinku sun ɗauka. Ana cewa shi ya toshe wa Sule, mijin 'yarsa Rabi, hanya, wai don yaron ya daka masa tsawa a bainar jama'a. Habu bai iya kare kansa ba ko da yana raye, balle yanzu da ƙasa ta rufe masa ido, Allah Ya jiƙansa. Cikin waɗanda suka san farkon maganar da ƙarshenta ni na rage, kuma ba na so in bi shi ban gyara ta ba.

Wasan kurket na koye shi ne a sakandare, a hannun wani malamin lissafi ɗan Indiya. Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "madalla" ba, amma in ya riƙe ƙwallo sai ka rantse da ita aka haife shi. Da na dawo Kankia na kama aikin koyarwa, ban sami ko mutum ɗaya da ya taɓa jin sunan wasan ba, sai na kama Habu, autan gidanmu, na koya masa a bayan gida da wani katako da kafinta ya fafe mana yana tambayar ko muciya muke so. Shekaru suka ja, na yi ritaya, na koma zaman gindin bedi. Ana nan sai ga wasu mutane daga Katsina da kayan wasa a buhu, wai ana so a farfaɗo da kurket a garuruwa. Suka tambaya ko akwai wanda ya san shi, aka nuno ni. Daga ranar na zama koci, da furfurata da ciwon gwiwata.

Ga wanda bai san wasan ba, abin da kuke bukata kaɗan ne. Ana kafa itatuwa uku a nan, uku a can, mu muna ce musu turaku. Masu bugu biyu ne ke shiga tare, kowa yana tsaye a gaban turakunsa. In an jefo ƙwallo, ɗayansu ya doke ta, sai su sheƙa da gudu su yi musayar wuri, shi ne maki ɗaya. Amma in abokan hamayya suka tsinci ƙwallon suka kayar da turaku kafin mai gudu ya isa, ya fita ke nan, sai ya koma inuwa ya zama ɗan kallo. Don haka kafin kowa ya ɗaga ƙafa sai an yi kira. Ɗaya ya ce "zo", in ɗayan ya hango haɗari ya ce "a'a", kuma a'a ɗin nan ita ke da ƙarfi ko daga bakin wa ta fito.

Ƙungiyarmu haɗin gambiza ce ta mutanen Kankia da Kusada: malaman firamare, tela, mai gyaran babur, sauran manoma. Habu ne kyaftin. Ya haura arba'in da yawa a lokacin, amma shi kaɗai ya iya tsaron bayan turaku, kuma ba ya zafin kai. Tauraronmu kuwa Sule ne, ɗan Malam Buba na Dudunni, Fulanin da suka daɗe da zama suna noma suna kiwo. Yaron ya tashi da sanda a hannu, kuma idonsa na ganin ƙwallo tun ba ta bar hannun mai jifa ba. In shi da Habu suka haɗu a fili, ni dai zama nake yi in miƙe ƙafa. Sule ya buga, Habu ya lallaɓa, kana jin muryar yaron har bakin titi: "A'a, Kyaftin! Koma!" Habu ya koma yana dariya.

A zauren Habu muke ajiye kayan wasa, kuma Sule ne ya ɗora wa kansa aikin zuwa ɗauko su. Na yi ta yaba masa da ƙwazo, ashe ƙwazon na Rabi ne. Bayan kaka aka ɗaura aure, muka ci tuwo, muka yi murna wasa ya ƙulla zumunci.

Daga nan abu ya lalace. Duk sanda Sule ya shiga tare da wani, lafiya lau. Da Habu ya shigo, kafin ka ce me, an kayar da turaku, Sule na tafe da katako a hammata, kai a sunkuye. Abin ya ɗaure mini kai ƙwarai, ni kuwa kun san halina, in abu ya shige mini duhu ba na barinsa ya kwana lafiya. Na fara ɗora laifin a kan amarci, na tsokane shi na ce Rabi ta cika masa ciki da fura har ƙafa ta yi nauyi. Na sa aka duba masa ido. Na canza masa takalmi. Na sa su tsere shi da tela, ya bar tela a baya kamar an ɗaure shi. Ƙafa lafiya, ido lafiya, hannu lafiya, amma da surukinsa ya tsaya a ɗaya gefen sai a fitar da shi.

A wannan ranin ne na kamu da kallon manyan ƙungiyoyin duniya a wayar yayanku Nura. Ba bugunsu ne ya dame ni ba, bugu baiwa ce. Abin da ya hana ni sakat shi ne yadda suke aiki tare. Za ka ga ƙungiya ɗaya an tattaro ta daga ƙasashe daban-daban, wannan baƙi, wannan fari, wannan da rawani, wannan da sarƙa a wuya, wasu ko yaren juna ba sa ji sosai, amma in suna gudu tsakanin turaku kamar zuciya ɗaya ke bugawa a ƙirjinsu. Na ce ko albashi ne. To amma na ga ƙungiyoyin da suka fi kowa dukiya suna watsewa. Na ce ko abota ce, sai Nura ya ce mini wasunsu ko gaisawa ba sa yi in an tashi. Na ce ko tsoron koci ne, na duba, kocin yana can zaune a rumfa da lemo a hannu. Na yi ta juya abin har mahaifiyarku ta fara cewa an yi mini asiri da waya.

Wata rana da hantsi Nura ya ƙure ƙarar, ashe har abin ɗaukar sauti suke sakawa a jikin turaku. Sai na ji filin nan da nake zaton shiru ne ashe kasuwa ce. Kowa na magana. Ina cikin saurare, kyaftin ɗinsu, babban mutum da aka ce hotonsa na jikin motoci a ƙasarsu, ya buga ya yi kira ya taho da gudu. Wani yaro da ko gemu bai tsiro masa ba ya kwatsa masa ihu. Kyaftin ya yi birki ya juya ya faɗa cikin layi da ƙirji. Na ce yau yaron nan ya shiga uku. Sai na ga sun haɗu a tsakiya, kyaftin ya dafa kafaɗarsa, ya faɗi wani abu, suka yi dariya, kowa ya koma wurinsa. Na sa Nura ya maido wurin har ya gaji.

"Baba, datata za ta ƙare a kan mutum biyu na dariya," in ji shi.

Washegari a wurin atisaye na zauna na rufe idona, na bar kunne ya yi aiki. Muryar Habu kaɗai nake ji. "Zo!" Sai ƙarar ƙafafu, sai ƙarar turaku. Na buɗe ido na lura da Sule da kyau. Yana ganin haɗarin sarai, har kafaɗarsa takan ja baya, amma bakinsa a rufe, idonsa a ƙasa, sai ya ruga ya kai kansa. Ashe tun ranar da aka shafa fatiha, Kyaftin ya tashi daga kyaftin ya zama suruki, kuma ɗan Malam Buba ba zai buɗe baki ya ce wa surukinsa a'a ba ko da rami aka ce ya faɗa. Na yi dariya har da hawaye, sannan dariyar ta tsaya, don na ga maganin ba ya cikin buhun kayanmu.

Na gwada dabaru. Na ce to kada ya yi magana, ya ɗaga tafin hannu kawai alamar tsaya. Sule ya dubi hannunsa, ya buɗe yatsun nan biyar, ya dube ni a firgice.

"Malam, daƙuwa hwa ke nan. Baba zan yi ma daƙuwa?"

Na janye wannan da sauri. Na raba su a jerin shiga, Sule a farko, Habu can baya. Amma Sule ba ya fita da wuri, sai sauran su zube ɗaya bayan ɗaya, Habu ya shigo ya same shi. Da na fara zancen Habu ya huta, Sule ya ajiye katako a gabana ya ce in an cire Baba saboda shi, shi ma ya bar wasa. Ko ba haka ba ma, ba mu da wani mai tsaron bayan turaku.

Ana cikin haka labari ya zo cewa farkon damina za mu kara da wata ƙungiya a filinmu, kuma masu zaɓen 'yan wasan jiha za su zo kallo. Wanda aka ɗauka zai tafi sansanin horo, a sa shi a albashi, ya shiga garuruwan da sai dai ya ji sunansu a rediyo. Kowa ya san mutum ɗaya gare mu da zai iya samun wannan, kuma kowa ya san in aka fitar da shi da wuri, ba wanda zai ga abin da ya iya.

Gidanmu ya rabu biyu. Mahaifiyarku, Allah Ya ba ta lafiya, ba ta ɓoye nata ra'ayin ba.

"Malam, da girmanka da huhhurarka za ka zauna kana koya ma ɗan mutane rashin kunya? Yaron da iyayenshi sunka yi wahala sunka tarbiyyantar?"

Na ce ba rashin kunya ba ce, ka'idar wasa ce, kuma a cikin fili take tsayawa.

"Wane hili? Hilin da duk garin ga za su kewaye? Kai ka san inda magana ke tsayawa a Kankia?"

Rabi kuwa, da ta zo gaishe mu, ta ja ni gefe. Ita tana so ya tafi, ba ta ɓoye ba.

"Baffa, ko a waya ya ji muryar Baba durƙusawa yake. Kai ba ka iya sa shi, ni ma ba ni iyawa. In ba Baba da kanshi ya ce mashi ba, babu mai buɗe bakin nan."

Na kai wa Habu maganar yadda take. Ya daɗe yana murza hularsa. Abin ya taɓa shi, don bai taɓa lura cewa shi ne ke kashe yaron ba. Ya ce in kira Sule. Bayan la'asar muka haɗu a zaurensa. Sule ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya rakuɓe a bakin ƙofa. Habu bai dube shi ba, ni ya fuskanta, kamar mu biyu ne kaɗai a wurin.

"Yaya, ka gaya ma mijin ɗiyata, ni nike ba shi umarni. In muna cikin hili ya ga zan kai mu ga halaka, ya ce mani a'a, da ƙarhi, yadda zan ji. In ya yi shiru, to ya saɓa mani."

Na juya na maimaita wa Sule, alhali yana ji da kunnensa. Ya ƙara sunkuyar da kai ya ce, "To."

Ranar wasa hadari ya haɗo ta gabas amma bai sauko ba. Jama'a ta cika, har daga Kusada an zo a kan babura, mafi yawansu ba su san kan wasan ba, sun dai ji an ce ɗan Dudunni zai yi abin kallo. Baƙin masu zaɓen na zaune a ƙarƙashin rumfa. Sule ya fara kyau. Ya aika ƙwallo cikin gonar gyaɗar da ke bayan fili, yara suka bi ta da ihu. Amma sauran namu suka riƙa zubewa, har aka zo kan Habu. Na ga ya shiga yana gyara safar hannu.

Sun ɗan jima lafiya. Sai Habu ya taɓa wata ƙwallo a hankali zuwa hagunsa, ya ga kamar akwai sarari, ya ce "Zo!" ya taho. Bai ga wani dogon yaro da ya riga ya taso mata ba. Sule ya gani. Na ga kafaɗarsa ta ja baya, na ga ƙafarsa ta ɗaga za ta tafi kamar kullum. Sai ya dasa ta a ƙasa.

"A'a! A'a, Baba! Koma!"

Muryar ta fi ta da ƙarfi, kamar duk wadda ya haɗiye tun kaka ce ta fito lokaci guda. Habu ya yi birki ya juya, amma ya riga ya yi nisa, kuma gwiwa ba ta yaro ba ce. Ya faɗi da ƙirji, katako a miƙe, turaku suka tarwatse kafin ya kai. Wanda bai san wasa ba abin da ya gani shi ne yaro ya daka wa surukinsa tsawa, surukin ya faɗi cikin ƙasa, an kore shi waje. Habu ya tashi ya kaɗe rigarsa. Ni na ga fuskarsa da ya zo wucewa ta gabana, kuma ina shaida muku murmushi yake yi.

"Da ya taho, shi za a hidda," in ji shi. "Ya yi daidai."

Sule ya tsaya har ƙarshe, ya yi bugun da ban taɓa ganin irinsa ba sai a wayar Nura. Kafin baƙin su shiga mota sun ce ya shirya, za a aiko a ɗauke shi. Na dawo gida ina taƙama, na ce wa mahaifiyarku ga shi nan, magana ta tsaya a fili. Ta ci gaba da tankaɗenta.

Ba a yi kwana nawa ba sai ga Malam Buba a ƙofar gidan Habu. Tsoho ne siriri, mai magana a hankali. Ya taho da goro da ƙwaryar man shanu, ya ƙi hawa tabarma, ya zauna a ƙasa. Labari ya kai masa tun a kasuwa, kuma kafin ya isa Dudunni an ƙara masa gishiri, har ana cewa Sule ya ture surukinsa. Aka aiko aka kira ni.

"Na zo ba da haƙuri," in ji shi. "Ban haihi ɗan da zai ɗaga ma surukinshi murya ba. Abin ga da ya koya mashi haka, ya bar shi ke nan."

Habu ya ce, "Malam, wallahi ni na sa shi. Ga yayana nan, a gabanshi na ba shi umarni."

Tsohon ya girgiza kai, idonsa ya kawo ruwa.

"Allah Shi saka maka. An ci mutuncinka kuma kana ruhe ma yaro asiri. Wanga ya ƙara mani kunya."

Na sa baki, na yi bayanin turaku da kira da ka'ida, har na zana masa a ƙasa da tsinke. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce ya gode, malamai sun fi shi sani. Amma shi abin da ya sani, mutanen Dudunni sun ji ɗansa ya yi wa surukinsa ihu, kuma in ya bar shi ya tafi ya ci albashi a kan haka, ya nuna ya yarda ke nan.

Ku ji wannan da kyau, don shi ne dalilin rubutun nan. Baffanku Habu ya bi tsohon nan har gida, ba sau ɗaya ba, ina bayansa a kan babur. Ya roƙa, ya rantse, ya kai limami. Duk sanda ya ce ba a yi masa laifi ba, sai Malam Buba ya ƙara ganin girmansa, ya ƙara ganin girman laifin ɗansa. Ban taɓa ganin mutum biyu suna son juna da alheri haka ba, kuma alherin kowane yana ƙara ɗaure yaron. A hanyar dawowa ta ƙarshe Habu ya tsayar da babur a gefen wata gonar dawa, ya yi kuka. Mutane kuwa da suka ga yana yawan zuwa Dudunni, sai suka ce ƙara yake kaiwa.

Har yau ina kallon manyan ƙungiyoyin nan, kuma ina ganin na sami amsar da na nema. Baiwa tana da ranarta, horo ma haka, amma abin da ke riƙe su shi ne ƙarami yana iya ce wa babba a'a a kan lokaci, babba ya ji, kuma in an tashi maganar ta mutu a wurin. Na farko da na biyu mun samu, Habu ya ba mu su da hannunsa. Na ukun ne ya fi ƙarfinmu, don ba 'yan wasa kaɗai ke da iko da shi ba. Ba na cewa kunyarmu aibu ce, ita ta sa Sule ya zama irin mijin da Rabi ke alfahari da shi. Ina dai mamaki har gobe, ko su can iyayensu ba sa kallo ne.

Ranar da motar ta zo ɗaukarsa, muka jira a tasha ni da Habu da Rabi, da jakarsa da ta haɗa tun asuba. Rana ta ɗaga, bai zo ba. Direba ya gaji ya tafi. Na hau babur na nufi Dudunni ni kaɗai, raina a ɓace. Na same shi a gonar ubansa yana noman gero, ya yi nisa cikin kunya. Da ya hango ni ya ajiye fartanya ya taho ya durƙusa. Na ce masa shi ba yaro ba ne, yana da mata, yana da baiwar da ba a ba kowa ba, kuma in ya tashi yanzu zan kai shi Katsina da kaina kafin azahar. Na ce ya je ya faɗa wa tsohon da bakinsa cewa zai tafi.

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sannan ya ɗago ya dube ni, abin da bai saba yi ba.

"Malam, na ce ma uba ɗaya a'a. Ba ni iya ce ma na biyu."

Ya koma ya ɗauki fartanyarsa.